Yammacin Bakin Ruwa: Me Ya Hana Mu Yi Namu A Maiduguri?



Duk shekara daga watan Yuni zuwa Satumba, wasu daga cikinmu da Allah Ya hore musu sukan kwashi iyali su bar gari hutu. Wani Umara ya tafi, ya tsaya Jidda kwana biyu kafin jirginsa ya tashi. Wani ziyarar Fas ce ta kai shi Maroko, daga nan ya zarce bakin teku. Wani Legas ya je saro kaya, ya haɗa da kai yara su ga ruwa. Hotunan da suke turo mana kusan iri ɗaya ne: ga fitilu, ga teku, ga fili cike da jama'a ƙarfe goma na dare, yara a kafaɗar iyayensu, hayaƙin gasasshen kifi yana tashi, babu mai waiwaye.

Da zarar hoto ya iso sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce Allah Ya kai mu mu ma. Wasu su ce wannan almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa, Allah Ya shirya. Mu a ƙungiyance mun zauna a kan maganar, kuma matsayarmu ita ce: abin da ya kamata mu gani a hotunan nan shi ne gari wanda ya aminta da darensa, ya kuma aminta da ruwansa. Waɗannan biyun duka mun taɓa mallakarsu a Borno, an raba mu da su. Lokaci ya yi da za mu fara karɓo su da hannunmu, ko da da yammaci ɗaya ne a shekara.

Bari mu ɗauki gari ɗaya daga cikin waɗanda ake turo mana hotonsu, mu dube shi da kyau. Essawira ƙaramin garin masunta ne a gaɓar tekun Atlantika a ƙasar Maroko. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina shi a shekarun 1760, ya zama tashar da ayarin raƙuma daga Timbuktu ke sauke kaya a ɗora wa jiragen ruwa. Da fataucin Sahara ya mutu, manyan jirage suka koma Kasabalanka, garin ya koma baya. A 1998 aka soma bikin kiɗan Ginawa da ake yi a can duk shekara, galibi a watan Yuni. Ginawa jikokin baƙaƙen fata ne da aka tsallaka da su Sahara daga ƙasashenmu, kuma har yau a cikin waƙoƙinsu ana ambaton Hausawa da Fulani da Bambara. A 2019 hukumar UNESCO ta sa al'adarsu cikin jerin al'adun gado na duniya.

Yadda yammacin bikin yake tafiya shi ne abin lura. Ƙananan jiragen masunta masu shuɗin fenti suna jere a tasha, kifin da aka kamo ranar yana kan garwashi a rumfunan da ke dab da ruwa. Filin Maulay Hassan, inda ake kafa babban dandamali, yana manne da tashar. Mai sayar da kifi bai tashi daga wurinsa ba, biki ne ya same shi a wurin sana'arsa. Yawancin jama'a kyauta suke kallo, kuma masu cika filin 'yan ƙasar ne kafin baƙi. Wasu al'adun Ginawa suna kama da bori, malamanmu sun daɗe da yin magana a kan irinsu, kuma ba su muke kira a kwaso ba. Darasin da muke so shi ne tsarin: gari ya ɗauki abin da yake da shi tun asali, ya fito da shi fili don mutanensa, baƙo ya biyo baya da kuɗinsa.

Kada ma mu yi nisa da yawa. A ƙasar Hausa muna da misalin da ya fi wannan kusa da halin da muke ciki, wato bikin kamun kifi na Argungu. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan shekara ɗari suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su a kogin Matan Fada. Daga wannan tarba bikin ya samo asali. Wato bikin da ya fi kowane bikin ruwa suna a Najeriya, sulhu ne ya haife shi bayan yaƙi. Masunta suna shiga ruwa da gora da homa kawai, ana tseren kwale-kwale, ana gasar iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Sarkin Ruwa yana tsare wurin sauran shekara don kifi ya girma, saboda haka bikin kansa hanya ce ta kiyaye kogi. UNESCO ta amince da shi a 2016. Kuma mu lura: an shafe shekara goma ba a yi shi ba, sannan ya dawo a watan Maris na 2020. Dogon katsewa bai kashe shi ba. Maƙwabtanmu na Bade a jihar Yobe su ma suna da nasu bikin su a Gogaram.

To mu fa? Za a ce Maiduguri ba ta da teku. Gaskiya ne, amma duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan ya san muna da abin da ya tsaya mana a matsayin teku. Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi ƙwarai, amma bai daina ciyar da mutane ba. Inda ruwa ya ja baya aka shuka masara da wake, inda ya tsaya aka ci gaba da su. Baga, a ƙaramar hukumar Kukawa, kusan kilomita 200 daga nan, ita ce garinmu na bakin ruwa. Daga Doron Baga ake loda banda a kwali, ta biyo ta Tashan Baga a nan cikin gari, ta wuce Anacha da Inugu da Legas. Iyayen da yawa daga cikin 'yan wannan ƙungiya su ne ya kawo su Borno, daga Kabi, daga Sakkwato, daga Haɗeja. Suka zauna da Barebari da Buduma da Larabawan Shuwa, suka yi auratayya, suka haife mu a nan.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Baga ta ga bala'i a Afrilun 2013, ta ga wanda ya fi shi a Janairun 2015, aka sake watsewa a Disambar 2018. An shafe shekaru sojoji suna hana safarar kifi daga tafkin saboda 'yan ta'adda na karɓar haraji a hannun masunta. Kwalejin tarayya ta koyar da harkar kifi da ke Baga sai da ta yi ƙaura zuwa Maiduguri. A Satumbar 2020 gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta fara mayar da mutane garin, amma har yau masunci yana shiga tafkin ne ransa a hannun Allah.

Mu da ke cikin birni kuwa, dare aka fara ƙwace mana. Tun rikicin Yulin 2009 muka shiga zamanin dokar hana fita. A Yulin 2011 aka hana hawa babur. A Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya makonni masu yawa. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, muka yi kusan shekara cikin duhu. Yaron da aka haifa a 2009 yau saurayi ne, gemu ya fara fito masa. Bai san dandali ba. Bai san hirar ƙofar gida har tsakar dare ba. A wurinsa taron jama'a da daddare wuri ne da uwa ke cewa kada ka je. Abin da ya sani na nishaɗin yamma duk a cikin waya yake, kuma mun ga inda zaman kaɗaici da waya da abokan banza ke kai wasu yaranmu: ƙwaya da sholisho da faɗan unguwa.

Sai kuma ruwan cikin gari ya zame mana abin tsoro. A daren 9 ga Satumbar 2024, wayewar gari 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Monde da Fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya kashe yawancin dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi. An rasa rayuka, dubun dubatar mutane suka kwana a makarantu da kan titi. Akwai gidaje a cikinmu da har yanzu ba su farfaɗo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yau idan hadari ya haɗu a watan Agusta, akwai yaran da ba sa iya barci.

Wannan ne ya sa muke cewa maganar yammacin bakin ruwa ta wuce maganar shaƙatawa. Garin da 'ya'yansa ke tsoron dare, suke kuma tsoron kogin da ya ratsa tsakiyarsa, bai gama warkewa ba ko da an gina masa gadoji da makarantu masu bene. Muna godiya da gine-ginen, amma gwamnati ba za ta iya gina mana sabo da juna ba. Wannan aikinmu ne.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu masu nauyi ne. Ba za mu tsallake su ba.

Hujja ta farko tsaro. Taron jama'a shi ne abin da maƙiya ke nema. A Yunin 2019 an tashi bam a wurin kallon ƙwallo a Konduga, a Yunin 2024 an tashi wani a wurin biki a Gwoza. Ba mu manta ba. Amma mu tambayi kanmu: shin mun daina taruwa? Muna zuwa Idi, muna cika kasuwa, muna Maulidi, muna ɗaurin aure, 'yan siyasa suna cika filin wasa. Duk waɗannan ana yin su da bincike a ƙofa, da 'yan sanda, da 'yan ƙato da gora. Abin da aka iya yi wa taron siyasa, za a iya yi wa taron masunta da iyalansu. Sharaɗi shi ne jami'an tsaro su ne za su ce ga wuri, ga lokaci, kuma ranar da suka ce a dakata, a dakata ba gardama. Kuma haɗari ba daga bam kaɗai yake zuwa ba. A bikin Kalaba na Disambar 2022 mota ta afka cikin 'yan kallo a Bogobiri, unguwar Hausawa, aka rasa rayuka. Bikin da aka soma tun 2004, da duk ƙwarewarsu, sakaci da hanyar mota ya jawo musu makoki. Namu dole a rufe shi daga ababen hawa gaba ɗaya.

Hujja ta biyu addini da tarbiyya. Masu tsoron a buɗe ƙofar cakuɗuwa da rawar banza suna da gaskiyarsu, domin mun ga yadda wasu bukukuwa suke lalacewa. Amsarmu ita ce a sa malamai cikin shirin tun ranar farko, kada a kira su bayan an gama don su yi addu'ar rufewa kawai. A ware ɓangaren mata da yara. A tsaya cak lokacin magariba a yi jam'i. Gasar iyo da tseren kwale-kwale da kokawa da langa da baje kolin kifi, babu wanda ya saɓa wa tarbiyyarmu a ciki. Idan muka ƙi samar wa matasa taro mai tsafta, ba zama za su yi a ɗaki ba, wani ne zai samar musu da marar tsafta.

Hujja ta uku yunwa. Wani zai ce mutane ba su ci sun ƙoshi ba tun da aka cire tallafin mai a 2023, ku kuna maganar biki. Mu duba wa ke samun kuɗi a irin wannan yammaci. Mai masa ce, da mai ƙosai, da mai zoɓo da ardeb, da mai tsire, da mai keke Napep, da mai ƙanƙara, da macen da ke haɗa turaren wuta, da mai ɗinkin hula, da dillalin kifi. Mai hali ba ya buƙatar bikinmu, shi ne wanda yake kai kuɗinsa Jidda da Legas duk shekara. Ɗan talaka ne bai taɓa ganin fitilu a kan ruwa ba sai a wayar wani. Kuɗin da ke fita gari hutu, ko kaɗan daga cikinsa ya tsaya a Gwange da Hausari da Bulabulin, an rage wani abu.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi taɓa zuciya: yaya za a yi murna a bakin ruwan da ya ci 'yan uwanmu? Mu muna ganin a nan ne ma ya fi dacewa a taru. A buɗe taron da addu'a ga waɗanda suka rasu a ambaliya da waɗanda suka rasu a tafki. A karrama masu kwale-kwale da matasan da suka shiga ruwa suka ceto mutane a Satumbar 2024, waɗanda yawancinsu ba a ko san sunayensu ba. Ranar da ruwa ya zo, wanda ya iya iyo da wanda ya iya tuƙa jirgi su suka fi kowa daraja a garin nan. Kusan duk shekara idan kogin Ngadda ya kawo, sai mun ji yaro ya nutse. Koya wa yara iyo a hannun masunta, ƙarƙashin kulawa, rigakafi ne.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma mun sa shi ƙarami da gangan, domin sannu ba ta hana zuwa.

Lokaci: kada mu kwaikwayi kalandar wasu. Mutanen ƙasashen sanyi suna bikinsu a Yuni da Yuli ne saboda lokacin suke samun rana. Mu a nan bazara zafinta yana haura digiri 40, Yuli da Agusta kuma manomi yana gona, hankalin kowa yana kan ruwa. Lokacinmu shi ne bayan kaka, tsakanin Nuwamba da Disamba, amfani ya shigo gida, iska ta yi sanyi, kogi bai gama janyewa ba. Daga bayan la'asar zuwa bayan isha kaɗan, kowa ya koma gida da wuri.

Wuri: a cikin gari. Ba ma kiran kowa ya kwashi iyali zuwa Baga yanzu, kuma ba ma kiran a je Alau. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 a farkon 2025 don sake gina madatsar, a bar masu aiki su gama, mu kuma mu sa ido a kan aikin. A fara da fili kusa da kasuwar kifi ta Tashan Baga, ko wata gaɓa ta kogin Ngadda da hukuma ta yarda da ita. Kafin ranar, matasan unguwannin da ke bakin kogin su yi gayyar kwashe shara da ledojin da suka toshe shi. Ko da bikin bai yi armashi ba, an ci ribar wannan.

Masu abu: masunta da 'yan kasuwar kifi su ne a gaba. Tsofaffinsu su nuna wa yara yadda ake saƙa koma, yadda ake jefa birgi, yadda ake banda, yadda ake bambance tarwaɗa da kurungu da karfasa da bargi da giwan ruwa. Malaman kwalejin kifi da na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke nan garin su zo su yi bayani da harshen da kowa zai gane. Akwai ilimin ruwa a kan dattawan da suka baro Baga wanda ba a rubuta ko'ina ba, kuma kullum muna binne su ɗaya bayan ɗaya.

Haɗin kai: wannan ba zai zama bikin Hausawa kaɗai ba, kuma ba mu da hurumin yin sa mu kaɗai. Ƙasar Shehu muke. Matakin farko shi ne a kai gaisuwa da neman izini fadar Mai Martaba Shehun Borno, Alhaji Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi, ta hannun lawanai da bulamai na unguwanninmu. Ganga kura da algaita su zauna kusa da kalangu. Burabusko ya zauna kusa da tuwon shinkafa. Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Fulani da 'yan uwanmu na Kudu da ke sayen banda shekara da shekaru, kowa ya kawo tabarmarsa.

Kuɗi: a yi karo-karo, masu rumfa su biya ɗan abin da ba zai gagare su ba, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan an gama. Muna roƙon kada a bari wani ɗan takara ya saye taron da hotonsa da hularsa. Bikin da ɗan siyasa ya ɗauki nauyinsa, ranar da ya faɗi zaɓe ranar ake jana'izarsa.

Ga 'yan uwanmu masu tafiya hutu, ba mu ce ku daina ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma halalinku kuke ci. Roƙonmu shi ne idan kun tsaya a bakin teku a Jidda ko Essawira ko Badagiri, ku kalli abin da kyamara ba ta ɗauka. Ta ina ake shiga, ta ina ake fita? Ina aka ajiye motoci? Wa ke kwashe shara, ƙarfe nawa? Ina masallaci, ina banɗaki, ina ake kai yaron da ya ɓata? Nawa mai rumfa ke biya? Wannan ita ce tsarabar da muke buƙata, ta fi dabino da turare.

Za mu sa wannan magana cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa. Muna so musamman mu ji daga iyayenmu mata, da 'yan kasuwar kifi, da waɗanda ambaliya ta shafa, da malamanmu. Wanda yake ganin mun yi gaggawa ya zo ya faɗa, kujerarsa tana nan. Idan aka amince, za a naɗa ƙaramin kwamiti da zai fara da ziyarar shugabannin kasuwar kifi da masu unguwanni, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Fatanmu shi ne wata rana a yi wannan taro a Doron Baga kanta, jiragen masunta jere a bakin tafki, mu kai jikokinmu su ga inda kakanninsu suka ci abinci. Kafin ranar ta zo, mu fara da kogin da ke ƙofar gidanmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ruwa da a tudu. Allah Ya mayar da kowa garinsa lafiya, Ya zaunar da Borno da Najeriya baki ɗaya lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya,
a madadin shugabanni.